Wa Ya Karanta Maka Takardar?

 Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da abin da ka sani.

Ranar da ka koro shanu, ko ka ɗauko buhunan wake, ka iso shinge tsakanin Illela da Ƙonni, ko Jibiya da Ɗan Isa, ko can Maigatari ranar Alhamis, aka karɓi kuɗinka aka miƙo maka takarda, wa ya karanta maka abin da ke cikinta? Ka biya jaka goma. To goma aka rubuta ko biyar? Ka sayi kwalbar maganin dabbobi da tsada. Kwanan da ke jikinta ya wuce ko da saura? Takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ƙasashen ECOWAS suka amince da ita a 1998, tana ɗauke da yawan garke, da allurar da aka yi masa, da hanyar da za a bi, da inda za a ƙetare. Duk wannan a rubuce yake. Mai garke kuwa sau da yawa sai ya riƙe ta kamar laya, ya san tana da amfani, bai san abin da ta ce ba.

In da idonka kake karanta wannan, ka gode wa Allah da wanda ya koya maka. In kuwa wani ne ke karanta maka, to dubi fuskarsa, ka tuna cewa shi ma ba da karatu aka haife shi ba. Wani ne ya zauna ya koya masa. Tambayar da tarihinmu na yau ke bi ita ce: a ƙasashen nan namu, ɗan wa aka koya wa, ɗan wa aka bari, kuma yaushe aka fara cewa karatu haƙƙi ne na kowane yaro?

Da farko kada wani ya ce maka Bature ne ya kawo mana karatu. Tun kafin ya zo ana rubutu da tawada da alƙalamin kara a Kano da Katsina da Agadas da Barno. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi da Fillanci da Hausa, ya kuma yi kakkausar magana a kan malaman da ke koyar da ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. A littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta tsara 'Yan Taru: ta naɗa mata masu ilimi da ake kira jaji, ta ba su malfa, suna kai darasi ƙauyuka ga matan da ba za su iya baro gidajensu ba. Ka lura da dabararta, don za mu sake haɗuwa da ita a gaba. Ba ta jira ɗalibi ya zo ba, malamin ta aika.

Har yau ajami bai mutu ba. Ciro naira ɗari biyar ko dubu daga aljihunka ka duba, za ka ga adadin kuɗin a rubuce da ajami. Amma fa ko a wancan zamani ba kowa ke karatu ba. Gidan malamai da gidan sarauta da gidan fatake su ne suka fi samu.

Sai ga Turawa. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba makiyayar da kakanninmu suka sani guda ɗaya. Daga nan takarda ta sake sabon matsayi. Haraji da ita, jangali da ita, shari'a da ita, izinin wucewa da ita. Kuma ba da rubutun da mutanen ƙasa suka iya ba.

A Kano, Baturen nan Hanns Vischer da aka laƙaba wa Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Su wa aka ɗauka? 'Ya'yan sarakuna da malamai, don a samu masu riƙe littafin haraji da ofisoshin En'e. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta fitar da manyan mutane irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, amma ɗalibanta 'yan ƙalilan ne. A ɓangaren Faransa kuwa, lakwal da Faransanci zalla ake yin ta tun daga ranar farko. Yaro ya shiga aji, mushe na magana, shi ko yana kallon bakinsa. Lokacin da Nijar ta samu 'yanci a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Gaskiya ce kuma, iyaye da yawa sun guji makarantar. Tsofaffi na ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun doso gari, da yadda wasu masu sarauta ke tura ɗan bawa a madadin ɗan cikinsu. Kafin ka zarge su, tsaya ka duba da idonsu. Hukumar da ke zuwa ƙirga shanu don jangali, ita ce ke zuwa ƙirga yara don makaranta. Wanda ya saba cewa duk abin da aka rubuta a littafin hukuma sai an karɓi wani abu daga cikinsa, yaya zai miƙa sunan ɗansa da daɗin rai? Sai dai abin da ya biyo baya mai ɗaci ne. Yaron da aka tura dole shi ya dawo magatakarda, shi ke riƙe da rasit. Wanda aka ɓoye kuma shi ke tsaye gabansa yana dangwala yatsa.

Ƙoƙarin farko na buɗe ƙofar ga talaka ya zo ta hanyar harshen gida. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta. A kasuwa mutum ɗaya zai saya, goma su kewaye shi yana karanta musu. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, inda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice wajen jagoranci. Aka buɗe azuzuwan manya a gindin bishiya da zaurukan masu unguwanni. Hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Arɗo ta Adamawa. Manomi ya koyi karanta takardar harajinsa da ta awon gyaɗarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don daga ranar da talaka ya iya karanta rasit, sai mai karɓa ya fara taka-tsantsan.

A 1966 masana suka taru a Bamako ƙarƙashin UNESCO suka daidaita yadda za a rubuta Hausa da Fillanci da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci. Shi ya sa ɗan Maraɗi ke iya karanta littafin da aka buga a Zariya ba tare da wahala ba, kuma haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ suka zama na Bahaushe da Bafillace baki ɗaya.

To amma ajin Yaƙi da Jahilci a gari yake. Makarantar UPE da Najeriya ta buɗe wa kowa kyauta a 1976, ita ma a gari take, da bulo da kwano, ba ta motsi. Makiyayi kuwa ruwa da ciyawa ke tsara masa shekara. Da damina yana arewa yana gudun gonaki da ƙuda, da rani yana kudu yana neman fadama. Makarantar ta ce a zo da safe, lokacin tatsa da sakin dabbobi. Ta ce a zauna wata tara wuri ɗaya. Ba wanda ya rubuta dokar hana ɗan Fulani ko ɗan Buzu karatu. An dai gina makarantar daidai da rayuwar wani, sai shi ya tashi babu gurbinsa. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu, aka yi murna a rugage. Nauyi ɗaya ya sauka, amma yaron da ke bin garke yana nan bai san baƙi ba.

Fari na 1973 da na 1984 sun koya wa mutane darasi mai zafi. Wanda ya wayi gari garkensa ya ƙare, ya shiga birni ba shi da komai sai sanda. Na 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar sunan shugaban Najeriya na lokacin. Da yawa a lokacin suka gane cewa dukiyar da ke tafiya da ƙafa huɗu tana iya kwanciya cikin wata ɗaya, kuma ya kamata a ce cikin 'ya'yan gida akwai mai wata sana'a a ka.

A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Farfesa Jibril Aminu, ɗan Song ta Adamawa, yake ministan ilimi, gwamnatin Najeriya ta ɗauki maganar 'ya'yan makiyaya da gaske. Ƙiyasin hukuma a lokacin ya nuna masu iya karatun boko cikin makiyaya ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Doka mai lamba 41 ta 1989 ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, aka ba Farfesa Chimah Ezeomah na Jami'ar Jos shugabancinta, mutumin da ya daɗe yana bincike cikin rugage. Aka raba aiki ga jami'o'i: Jos bincike, Sakkwato tsara manhaja, Maiduguri horar da malamai. Daga baya aka haɗa da 'ya'yan masunta. Aka fito da aji na tanti da ake naɗewa a bi mashekari da shi, aka sassauta lokacin darasi, aka rubuta littattafai masu maganar saniya da burtali da rijiya. A shekarun 1990 aka fara shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Kaduna, wanda dattawa da yawa cikinku suka saurara a gindin akwatin rediyo mai batir. Ka ga dabarar Nana Asma'u ta dawo: a aika malami inda ɗalibi yake.

Ita kuwa Nijar ta wata ƙofa ta shiga. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa, sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka yi irinta da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci da Barbarci. Da aka auna, sai aka tarar yaran waɗannan makarantu sun fi takwarorinsu iya karatu, kuma Faransancin ma ba su baya a cikinsa. Duk da haka shekaru da dama sunan gwaji bai bar su ba, yawansu bai taka kara ya karya ba. Dokar ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne, ta kuma amince a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci.

Nan ne kalmar haƙƙi ta shigo da ƙarfinta. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, Nijar ta amince da ita a 1990, Najeriya a 1991. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarta ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Amma akwai wani ƙulli. Tsarin mulkin Najeriya ya sa maganar ilimi cikin babin manufofin da ba a kai gwamnati ƙara a kansu. Wato alkawari ne, in an cika madalla, in ba a cika ba sai haƙuri. Wata ƙungiya mai suna SERAP ta ƙi yarda da haka, ta kai gwamnati gaban Kotun ECOWAS a kan kuɗin makarantun firamare da suka salwanta. Gwamnati ta ce kotu ba ta da hurumi. A 2009 kotu ta ce tana da shi, domin Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta tabbatar wa kowa haƙƙin ilimi. A 2010 ta yanke cewa kowane yaro ɗan Najeriya yana da haƙƙin ilimin farko kyauta. Daga ranar, uban da ya je neman malami ga 'ya'yan rugarsu ba roƙo ya je yi ba. Bashi ya je karɓa.

To, an buɗe ƙofa, an rubuta doka, alƙalai sun yi magana. Yaran sun iya karatu?

Nan ne labarin ya yi nauyi. A 2014 aka gwada yaran ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, gwajin da ake kira PASEC. A Nijar, waɗanda suka kai matakin karatu da fahimta ba su kai ɗaya cikin goma ba. Da aka maimaita a 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen uku cikin goma, alamar cewa gyara na yiwuwa, amma har yanzu bakwai na baya. A jihohin Sakkwato da Bauchi, gwajin da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwa a farkon shekarun 2010 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta kalma ko ɗaya ta Hausa, harshen da suke wasa da shi a tsakar gida. Bankin Duniya a rahotonsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Yaran nan fa da yawansu suna cikin rajista. Suna da kayan makaranta, suna amsa suna da safe, suna rera abin da malam ya faɗa. An ƙirga su cikin waɗanda aka bai wa haƙƙinsu, alhali hannunsu wayam.

Me ke kawo haka? Karatu yana da matakala. Yaro sai ya fara gane cewa magana sauti-sauti ce, sannan ya san kowane harafi da sautinsa, sannan ya haɗa b da a ya ce ba, ya haɗa gaɓa da gaɓa ya fitar da kalma, ya yi ta maimaitawa har bakinsa ya saki, hankalinsa ya koma kan ma'ana. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, don da babbaƙu ake farawa, a je farfaru, kafin a kai ga tilawa. Hausa da Fillanci suna da sauƙi a nan, domin yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Yaron da ya samu malami mai haƙuri da littafi a hannunsa yana iya kama karatun harshensa cikin shekara ɗaya ko biyu, daga nan Turanci ko Faransanci su zo masa da sauƙi, tunda ya riga ya san aikin harafi. Shirye-shirye irin su Mu Karanta da aka yi a Sakkwato da Bauchi a kan wannan turba suka tafi.

Amma in an fara masa da harshen da bai ji, a aji mai yara ɗari, littafi ɗaya a hannun malam, sai ya koma haddar abin da bai gane ba. Ɗan makiyayi kuwa nasa ya ninka. Ana tsakiyar koyon haruffa aka tashi ƙaura, ya dawo bayan wata huɗu an wuce shi. Malamin da aka turo ba ya jin Fillanci, ko albashinsa ya makale ya daina zuwa. 'Yar'uwarsa tana kan hanyar tallan nono. Yanzu ga rashin tsaro da ya rufe makarantu da dama a ɓangarorin biyu na iyaka. Daga aji huɗu kuma ba a sake koyar da haruffa, kowane darasi a rubuce yake zuwa. Wanda bai kama ba sai ya zauna baya yana jin kunya, daga nan ya daina zuwa, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Yaron da ya san shanu tamanin kowace da sunanta da uwarta, ya san wadda za ta yi ciwo tun kafin ta kwanta, shi ne ba shi da ƙwaƙwalwa? Haba. Ɗan mai kuɗi a birni in ya makale ana ɗaukar masa malamin gida. Naka in ya makale shi ke nan. Wannan bambancin shi ne rashin adalcin, kuma daga ajin farko yake somawa.

Saboda haka ga abin da zan bar ka da shi, ba ya cin ko sisi. Yau da daddare, bayan an ɗaure maruƙa ko an rufe rumfa, kira ɗanka ko 'yarka da ke aji uku ko sama. Kada ka ba shi littafin makarantarsu, don mai yiwuwa ya haddace. Miƙa masa wannan takardar, ka nuna masa layi uku da yatsa, ka ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya gaya maka abin da aka ce. Ba sai ka iya karatu ba kafin ka gane mai karatu, kunnenka ya isa. In ya yi, sa masa albarka, ka riƙa ba shi duk takardar da ta shigo gidan. In ya kasa, kada ka dake shi, ba laifinsa ba ne. Ka nemi arɗo da sauran iyaye, ku je wurin shugaban makaranta da kwamitin iyaye tare, don mutum ɗaya ana iya sallamarsa da murmushi, mutum ashirin sai an ba su kujera. Ku tambaya: yara nawa ne a aji uku ke iya karatu? Da wane harshe ake fara musu? Kowane yaro na da littafi a hannunsa? In za ku tashi ƙaura, ku nemi takardar da za ta sa makarantar gaba ta karɓe shi a inda ya tsaya. In cikin ruga akwai saurayi ko budurwa da suka iya, a ware musu rabin sa'a kullum da ƙanana, a saka musu da abin da ya sawwaƙa.

Kakanninmu an ƙirga shanunsu an ba su takardar da ba su iya karantawa. Iyayenmu an buɗe musu makarantar da ba ta san hanyar burtali ba. Mu an ba mu doka da hukuncin kotu. Abin da ya rage shi ne ranar da za ka iso shinge, a miƙo takarda, yarinyarka ta karɓa ta duba ta ce, "Baba, biyar aka rubuta."

Allah ya tsare garke, ya sa albarka a kasuwa, ya raya mana zuriya. Sai mun sake haɗuwa.